Florence Nightingale: Matar da ta tilasta wa gwamnati tsaftace asibiti

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na Italiya. Iyayenta attajirai ne 'yan Ingila, kuma a zamanin ana kallon jinya a matsayin aikin ƙasƙanci. Duk da adawar danginta, ta tafi Kaiserswerth a Jamus a 1851 ta koyi aikin.

A watan Nuwamban 1854, ana tsaka da Yaƙin Kirimiya, ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a gefen Istanbul, tare da ma'aikatan jinya 38. Ta tarar da majinyata jibge cikin ƙazanta, ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata. Nan take ta tsara wankin tufafi da zanen gado, da goge ɗakuna, da ingantaccen abinci.

Amma mace-mace ba su lafa ba. A hunturun farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a asibitin, akasarinsu daga taifod, kwalara da atini, cututtukan da suka fi raunukan fagen daga kisa. Ashe ginin na zaune ne a kan toshesshen magudanan ƙazanta. Sai a watan Maris na 1855, da gwamnati ta aiko da kwamitin tsafta aka yashe magudanan, aka buɗe hanyoyin iska, sannan adadin mamata ya faɗi ƙasa warwas.

Darasin da ta koma gida da shi ke nan: ƙwazon mai jinya yana da iyaka matuƙar hukuma ba ta samar da ruwa mai tsabta da magudanai ba. Tare da masanin ƙididdiga William Farr, ta tattara alƙaluman mutuwar sojoji, ta zana su yadda kowane ɗan majalisa zai gane, ta matsa lamba har aka kafa kwamitin bincike kan lafiyar sojoji a 1857.

A littafinta Notes on Nursing na 1859 ta jaddada wa masu jinya yawaita wanke hannu, tun kafin duniyar likitanci ta amince cewa ƙwayoyin cuta ke yaɗa rashin lafiya. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a Asibitin St Thomas da ke Landan, kuma yawancin gwagwarmayarta ta baya daga kan gadon rashin lafiya ta yi ta.

Ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. A ranar haihuwarta ake bikin Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya duk shekara.