Moe Berg: Ɗan zaman benci da aka tura Zurich da bindiga a aljihu

Da a ce da alƙaluman filin wasa kaɗai ake auna mutum, da tuni an manta da Moe Berg. Ya yi kaka 15 a babbar gasar besbol ta Amurka, ya sa rigar ƙungiyoyi biyar, amma wasa 663 kacal ya buga, a zamanin da kowace ƙungiya ke yin wasa 154 a kaka guda. Ke nan mafi yawan shekarunsa a kan benci ya yi su. Irinsa ne za a iya kira ɗan ci-ranin wasa: bai kai gwani ba balle a riƙe shi gam, bai kuma lalace ba balle a sallame shi gaba ɗaya, sai dai yau yana nan gobe yana can. Duk da haka, fiye da shekara 50 bayan mutuwarsa ana ci gaba da ba da labarinsa. An rubuta littattafai a kansa, an yi fim, kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta kafa katin hotonsa na ɗan wasa a hedikwatarta.

Ga wanda bai saba da wasan ba, besbol ya ginu ne a kan mutum uku. Akwai mai jifa, wanda ke tsaye a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo da iya ƙarfinsa. Akwai mai bugu na ɗaya ƙungiyar, riƙe da kulki, yana neman ya make ƙwallon ya ruga ya zagaye zango huɗu. Sai kuma mai cafka, wanda ke tsugune a bayan mai bugu, fuskarsa a rufe da ragar ƙarfe. Aikin mai cafka ya wuce kama ƙwallo. A cikin 'yan ƙungiyarsa shi kaɗai ke fuskantar filin baki ɗaya, shi ne kuma ke yi wa mai jifa ishara da yatsu a ɓoye kan irin jifar da zai yi, don haka dole ya haddace raunin duk wani mai bugu da ke gasar. Aiki ne na mai lura, mai barin magana a ciki, kuma a wannan gurbi Berg ya ci abinci.

An haifi Morris Berg a ranar 2 ga Maris, 1902, a unguwar Harlem ta birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Yukren. Mahaifinsa, Bernard, mai haɗa magunguna ne, kuma ya kwashe iyalinsa zuwa Newark a jihar New Jersey, inda ya buɗe kanti. Gida ne na boko: wansa Samuel ya zama likita, yayarsa Ethel ta zama malamar makaranta. Shi kuwa autan, tun yana ɗan shekara 7 ya shiga ƙungiyar besbol ta wani coci a unguwarsu, da sunan aro, Runt Wolfe, domin kada sunansa ya nuna asalinsa. Wannan ɗabi'a ta ɓoye kai ba ta rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A Jami'ar Princeton ya karanci harsuna, ciki har da Latin, Girkanci, Faransanci, Sifaniyanci, Italiyanci, Jamusanci da Sanskrit na tsohuwar Indiya. Ya kammala a 1923 da sakamako mai daraja, yana kuma cikin fitattun 'yan wasan jami'ar. A shekarar ce ƙungiyar Brooklyn ta ɗauke shi a kan dala 5,000. A lokacin ba mai cafka ba ne, mai tsaron fili ne a tsakanin zango na biyu da na uku. Bugunsa bai yi armashi ba ko kaɗan. Maimakon ya shafe hutun hunturu yana gyara hannunsa kamar yadda sabon ɗan wasa zai yi, sai ya hau jirgin ruwa zuwa Faransa ya shiga ɗaukar darussa a Sorbonne. Da ya dawo a 1924 aka tura shi ƙananan gasanni, daga Minneapolis zuwa Toledo, sannan Reading a shekarar da ta biyo baya. A wannan tsakanin ne wani mai farautar 'yan wasa, Mike González, ya aika da rahoto mai kalma huɗu a kansa, wanda ma'anarsa ita ce yaron ya iya tsaron fili amma bai iya bugu ba. Hukuncin ya zauna daram, kuma Berg bai taɓa ƙaryata shi a fili ba.

Ƙungiyar Chicago White Sox ta mayar da shi babbar gasa a 1926, sai dai ya ƙi halartar atisayen share fage saboda yana karatun lauya a Jami'ar Columbia. Da wuya a ce shugabannin ƙungiyar sun ji daɗin haka. Abin da ya cece shi tsautsayin wasu ne. A watan Agustan 1927 masu cafkar ƙungiyar uku suka ji rauni ɗaya bayan ɗaya, ciki har da kocinsu Ray Schalk, wanda shi ma yana bugawa. Aka rasa wanda za a sa, aka miƙa wa Berg ragar fuska. A wasan farko da aka fara da shi a sabon gurbin, Chicago ta kara da New York Yankees ta Babe Ruth, ƙungiyar da ake yi wa kallon dodon wannan zamani, kuma Chicago ce ta yi nasara. Ashe wurin da ya dace da shi ke nan: hannunsa na da ƙarfi, idonsa na da kaifi, kansa kuma ba ya zubar da abin da ya gani.

Kakar 1929 ita ce ƙololuwarsa, inda ya buga wasa 107. Sai a watan Afrilun 1930, a wani wasan gwaji da bai da wani muhimmanci, ƙusoshin takalminsa suka maƙale a ƙasa, jijiyar gwiwarsa ta yage. A shekarar ya karɓi digirinsa na lauya, a shekarar kuma ya daina zama ɗan wasan da ake fara wasa da shi. Daga nan sai yawo: Cleveland a 1931, Washington daga 1932 zuwa tsakiyar 1934, ya sake komawa Cleveland, sannan ya yada zango a Boston Red Sox daga 1935 zuwa 1939, inda a matsakaicin lissafi bai kai wasa 30 a kaka ba. Lokacin da Washington ta kai wasan ƙarshe na gasar a 1933, daga benci ya kalla. Abin alfaharinsa guda a littafin tarihin wasan shi ne ya jera wasa 117 ba tare da ya yi kuskure ba, wanda a lokacin babu mai cafkar da ya kai haka a gasarsu. Wajen bugu kuwa, cikin kowane zagaye 1,000 sau 243 ya yi nasara, alhali gwanaye kan haura 300. Sau 6 kacal ya taɓa fitar da ƙwallo bayan katanga a tsawon shekara 15. Abokan wasansa kan yi masa ba'a cewa yana jin harsuna barkatai, amma babu ko ɗaya da ya iya bugu da shi.

Abin tambaya shi ne me ya zaunar da lauya mai digirin Princeton a kan benci har tsawon wannan lokaci. Ya ɗanɗana aikin lauya a wani kamfani da ke Wall Street a lokutan hunturu, bai kuma daɗe ba. Mahaifinsa bai ɗauki wasa a matsayin sana'ar mutumin kirki ba, har ya mutu bai je ya kalli ɗansa a fili ba. Bisa dukkan alamu, zaman bencin ne ya yi daidai da halin Berg. Yana samun albashi, jirgin ƙasa na kai shi manyan birane, yana kwana a otal, safiya tasa ce, kuma babu wanda ke jiran wani abin a-zo-a-gani daga gare shi. Yakan sayi jaridu har goma a rana, kuma a wurinsa jaridar da bai karanta ba tana da rai. Idan wani ya riga shi taɓa ta, ta mutu, sai ya sayo wata. Marubuta labarin wasanni sun so shi domin ba ya rasa labari, suka laƙaba masa Farfesa. A 1939 ya burge masu sauraro a shirin kacici-kacici na rediyo mai suna Information Please, a 1941 kuma mujallar The Atlantic Monthly ta buga maƙalarsa kan masu jifa da masu cafka, wadda har yau ake yabawa. Ƙungiyoyi sun riƙe shi ne saboda kansa, domin matasan masu jifa na ƙaruwa da shi.

Wasan ne kuma ya kai shi Japan sau biyu. A 1932 ya je koyar da ɗaliban jami'o'i. A 1934 aka sa shi cikin tawagar taurari irin su Babe Ruth da Lou Gehrig, duk da cewa ba sa'ansu ba ne a fili. A ranar 29 ga Nuwamba na shekarar, yayin da tawagar ke wasa a wani gari, Berg ya ɗauki furanni ya nufi asibitin St. Luke's, ɗaya daga cikin gine-gine mafi tsawo a Tokyo, da sunan zai duba 'yar jakadan Amurka da ta haihu. Bai ko shiga ɗakinta ba. Ya haye rufin ginin, ya zaro kyamara daga cikin tufafinsa, ya ɗauki hoton birnin da tashar jiragen ruwansa. Daga baya labari ya bazu cewa da wannan fim aka tsara harin farko da jiragen Amurka suka kai Tokyo. Lissafin kwanaki bai goyi bayan haka ba, domin an kai harin a Afrilun 1942, shi kuwa sai bayan watanni ya nuna wa jami'an leƙen asiri fim ɗin.

Bayan shekara biyu yana mataimakin koci a Boston, ya bar wasa a Janairun 1942, makonni kaɗan da shigar Amurka Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fara da wani ofishin gwamnati da ke kula da hulɗa da ƙasashen Kudancin Amurka, sannan a 1943 ya shiga OSS, hukumar leƙen asirin da CIA ta gada. Babban abin da ke hana hukumomin Amurka barci a lokacin shi ne ko Jamus ta Hitler za ta riga su ƙera makamin ƙare-dangi. Aka ɗora wa Berg karatun kimiyyar nukiliya cikin gaggawa, aka tura shi Italiya a 1944, inda ya zauna da masana irin su Edoardo Amaldi da Gian Carlo Wick yana tatsar abin da suka sani game da takwarorinsu na Jamus. Yana cikin waɗanda suka shawo kan injiniyan jiragen sama Antonio Ferri ya koma Amurka.

Aiki mafi nauyi ya zo ne a ranar 18 ga Disamba, 1944. Werner Heisenberg, wanda ya ci kyautar Nobel kuma shi ne jigon binciken nukiliyar Jamus, zai gabatar da lacca a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, wadda ba ta cikin yaƙin. Berg ya shiga zauren a matsayin ɗalibi, da ƙaramar bindiga a aljihu da kuma ƙwayar guba domin kansa. Umarnin da aka ba shi shi ne, idan ya ji abin da ya gamsar da shi cewa Jamus ta kusa mallakar bam ɗin, ya harbe mutumin nan take. Matsalar ita ce Heisenberg ya yi magana ne a kan wani zuzzurfan lissafi da bai shafi makami ba, kuma ilimin 'yan watanni bai isa ya sa Berg ya bi shi daki-daki ba. Ran mutum ya rataya a kan fahimtar wanda bai gama gane laccar ba. Sai ya koma ga abin da ya shekara yana yi a tsugune: ya zuba ido a kan mai magana da fuskokin masanan da ke sauraro, yana neman alamar firgici. Bai gani ba. Bayan 'yan kwanaki aka sake haɗa su a liyafar cin abinci a gidan masanin da ya shirya laccar, Paul Scherrer, inda Heisenberg ya nuna cewa Jamus ta riga ta sha kaye a yaƙin. Berg ya taka masa a kan titi cikin dare, su biyu, ya kuma bar shi ya tafi. Da aka ci Jamus aka binciki wuraren bincikenta, sai ta tabbata cewa ba ta ko kusa da ƙera makamin ba.

Da yaƙi ya ƙare, Berg yana da shekara 43, ba shi da ƙungiya, ba shi da ofis. An ba shi lambar girmamawa ta Medal of Freedom, ya ƙi karɓa. A 1952 CIA ta ba shi dala 10,000 domin ya binciko shirin nukiliyar Tarayyar Sobiyet, bai kawo abin kirki ba, kuma ba a sabunta yarjejeniyar ba. Daga nan bai sake riƙe wani tsayayyen aiki ba. Bai yi aure ba, bai kafa gidan kansa ba. Ya zauna a gidan wansa Samuel shekara 17, har sai da haƙurin likitan ya ƙare ya sa aka fitar da shi a 1964, ya koma wurin Ethel. Kullum cikin kwat mai duhu, farar riga da baƙin laktaye, yana bin filayen wasa da ɗakunan karatu, yana kwana a wurin tsofaffin abokai. Idan aka tambaye shi aikin da yake yi, sai ya ɗora yatsa a kan leɓe, mutane su ɗauka har yanzu yana cikin harkar asiri. Littafin Nicholas Dawidoff na 1994, The Catcher Was a Spy, wanda aka mayar fim a 2018, ya nuna cewa a shekarun nan babu wani asiri a bayan yatsan. Ya taɓa amincewa zai rubuta tarihin rayuwarsa, amma ya fasa cikin fushi da ya gane cewa wanda aka haɗa shi da shi domin aikin ya ɗauka shi ne Moe Howard, wani ɗan wasan barkwanci.

Ya mutu a ranar 29 ga Mayu, 1972, a wani asibiti da ke Belleville a New Jersey, bayan ya faɗi a gida, yana da shekara 70. Maganarsa ta ƙarshe tambaya ce ga ma'aikaciyar jinya kan yadda wasan ƙungiyar New York Mets ya kaya a ranar. An ƙone gawarsa aka kai tokar birnin Ƙudus. Lambar da ya ƙi karɓa kuwa, Ethel ce ta karɓe ta bayan mutuwarsa, ta miƙa wa gidan tarihin besbol da ke Cooperstown.