Haruna, Babban Firist na Fari

An haifi Haruna a Masar cikin kwanakin bauta, daga kabilar Lawi. Wan Musa ne, ya girme shi da shekara 3. Allah ya sa shi ya zama bakin Musa a gaban Fir'auna.

A gindin Dutsen Sina'i, da Musa ya daɗe bai sauko ba, jama'a suka matsa wa Haruna, ya ƙera musu maraƙin zinariya. Tsoron mutane ya fi ƙarfinsa. Duk da haka Allah bai yashe shi ba, ya keɓe shi babban firist. Ya riƙa ɗaukar sunayen kabilu 12 a ƙirjinsa. Sau ɗaya a shekara ya kan shiga Wuri Mafi Tsarki da jini, amma sai ya yi hadaya domin zunubin kansa tukuna. A Dutsen Hor aka tuɓe masa rigunan firist aka sa wa ɗansa Ele'azara, nan ya mutu yana da shekara 123.

Ya ku dattawan ekklesiya, mai roƙo domin jama'a shi ma yana bukatar gafara. Mu fara tuba tukuna. Yesu kaɗai ne Babban Firist marar zunubi, ba shi da magaji, gama yana da rai har abada.