Isaac Newton: Yaron da ya auna ƙarfin iska da tsalle

An haifi Isaac Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke Ingila ranar Kirsimeti ta shekarar 1642, bisa tsohuwar kalandar ƙasar, watanni uku bayan rasuwar mahaifinsa.

Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa, Hannah, ta sake aure, ta bar shi a hannun kakarsa.

Da ya kai shekara 12 aka sa shi makaranta a garin Grantham, inda ya zauna a gidan wani mai haɗa magunguna. A nan ne ya yi suna wajen ƙere-ƙere.

Ya sassaƙa ƙaramin injin niƙa mai juyawa da iska, irin wanda ya ga ana ginawa a garin, har yakan sa ɓera a ciki ya juya shi. Ya kuma haɗa agogon da ɗigar ruwa ke tafiyar da shi.

An ruwaito cewa lokacin wata gagarumar guguwa a shekarar 1658, ya yi ta tsalle, wani sa'in yana bin iskar, wani sa'in yana fuskantarta, sannan ya gwada tazarar domin ya san ƙarfinta.

Sai dai wannan baiwa ta kusa salwanta. Yana kusan shekara 17 mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta don ya kula da gona, amma hankalinsa bai taɓa zama a kan noma da kiwo ba.

Shugaban makarantar, Henry Stokes, da kawunsa ne suka shawo kanta, ya koma karatu, ya kuma shiga Jami'ar Kambirij a 1661.

Annoba ta sa aka rufe jami'ar a 1665, ya koma gida, inda ya zurfafa tunani kan ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa.

A 1687 ya wallafa littafinsa Principia, mai ƙunshe da ƙa'idoji uku na motsi.

Ta farko, abu ba ya fara motsi, ko tsayawa, ko sauya hanya, sai wani ƙarfi ya tura shi ko ya ja shi. Ta biyu, gwargwadon ƙarfin turi gwargwadon ƙaruwar gudu, kuma abu mai nauyi ya fi buƙatar ƙarfi. Ta uku, duk abin da aka tura, shi ma yana mayar da turi daidai da wanda aka yi masa.

Waɗannan ƙa'idoji ne malamai ke nuna wa ƙananan yara a yau, ta hanyar gangara ƙwallo a kan katako, ko jan igiya, ko sakin balan-balan da aka hura.

Newton ya rasu a Landan a 1727 yana da shekara 84, aka binne shi a majami'ar Westminster Abbey.