Alfred Wegener, Bajamushen da ya Gane Ƙasa Tana Tafiya

Duk malamin da ya rataya taswirar duniya a aji, in ya dubi gaɓar Afirka ta yamma da gaɓar Amurka ta Kudu ta gabas, zai ga kamar ƙwarya ce ta fashe biyu. Mutane da yawa sun lura da haka tun dā, suka ce dace ne kawai. Wanda ya fara tsayawa ya tara hujjoji a kan al'amarin shi ne za mu ba da tarihinsa yau.

An haifi Alfred Wegener a Balin, babban birnin Jamus, ran 1 ga Nuwamba 1880. Mahaifinsa limamin Kirista ne mai kula da gidan marayu. Ya karanta ilmin taurari har ya zama dakta a 1905, amma hankalinsa ya fi karkata ga ilmin iska da yanayi. A 1906 shi da wansa Kurt suka shiga balan-balan, suka yi sa'a 52 a sama, abin da ba a taɓa yi ba kafin su. A shekarar nan kuma ya bi wani ayari zuwa Girinlan, tsibirin da ƙanƙara ta lulluɓe, ya shekara biyu a can. Da ya komo sai ya shiga koyarwa a jami'ar Marburg.

A 1911 ya karanta wata takarda wadda ta nuna an sami ƙasusuwan dabbobin dā iri ɗaya a Barazil da Afirka. Ran 6 ga Janairu 1912 ya tsaya gaban masana a Frankfurt, ya bayyana musu cewa nahiyoyin duniya a dā dunƙule su ke wuri guda, daga baya suka tsage suka rabu. Da aka fara Yaƙin Duniya a 1914 aka ɗauke shi soja, aka yi masa rauni har sau biyu. Yana jinya ya ƙarasa littafinsa a kan asalin nahiyoyi da tekuna, aka buga shi a 1915.

Hujjojinsa ba na wasa ba ne. Akwai wata dabba mai kama da ɗan kada, Mesosaurus, wadda ba a samun ƙasusuwanta sai a Amurka ta Kudu da kudancin Afirka, ga shi kuwa ba ta iya ƙetare babban teku. Akwai kuma alamun gogar ƙanƙara a duwatsun Indiya, inda zafi ya ke yau, da kwal a tsibirin Spitsbergen mai tsananin sanyi, inda itatuwa ba su fitowa yanzu.

To, amma abu ɗaya ya gagare shi, watau ƙarfin da ke tura nahiyoyin. Ya ce juyawar duniya ce da jan da rana da wata ke yi mata. Wani masanin Ingila, Harold Jeffreys, ya yi lissafi ya nuna ƙarfin nan bai isa ba, kuma a nan da gaskiyarsa. Sai dai masana suka haɗa tsaba da tsakuwa suka zubar, tun ba ma da ya ke Wegener ba ɗan fannin duwatsu ba ne. A wani taro da aka yi a birnin New York a 1926 yawancinsu suka ƙi maganarsa. Shi kuwa bai fasa gyara littafinsa da ƙara masa hujjoji ba, har bugu na huɗu a 1929.

A 1930 ya shugabanci ayari zuwa Girinlan. Mutanensa biyu suna zaune a wata tasha tsakiyar ƙanƙara, mil 250 daga gaɓa, hunturu ya matso, kayansu bai isa ba. Ya ɗauki kaya a kekunan da karnuka ke ja ya nufe su. Sanyi ya yi tsanani har yawancin abokan tafiyarsa suka juya, mutum uku kaɗai suka isa. Da ya ga abincin wurin ba zai riƙe mutum biyar ba, sai ya kama hanyar komowa ran 1 ga Nuwamba, ranar da ya cika shekara 50, tare da wani saurayi ɗan ƙasar, Rasmus Villumsen. Ba su iso ba. A watan Mayu 1931 aka sami gawarsa, saurayin ya binne shi da kyau cikin ƙanƙara. Shi Villumsen ba a sake ganinsa ba.

Amsar da Wegener ya rasa tana cikin ƙasa. Duniya kamar ƙwai ta ke: akwai ɓawo, wanda kaurinsa ƙarƙashin nahiyoyi kamar mil 20 zuwa 40 ne, ƙarƙashinsa akwai dutse mai zafi har zurfin mil 1,800, sa'an nan gwaiduwa ta ƙarfe, bayanta narkakke, tsakiyarta daskararriya. Dutsen nan mai zafi yana motsi a hankali, ɓawon kuwa a tsattsage ya ke, manyan farantai ne masu tafiya. A 1962 Harry Hess na Amurka ya bayyana yadda sabon dutse ke ɓullowa a tsakiyar teku, ƙasan teku yana faɗaɗa. A 1963 Vine da Matthews na Ingila suka kawo shaidar haka daga maganaɗisun duwatsun ƙarƙashin ruwa. Tekun Atalantika yana ƙara faɗi wajen inci ɗaya zuwa biyu a shekara, kamar tsiron farce.

Mu ma nan muna da shaida. Duwatsun da matafiyi ke gani in ya taso daga Kiyawa ya doshi Dutse, narkakken dutse ne da ya taso daga zurfin ƙasa ya daskare, sama da shekara miliyan 200 da suka wuce. A lokacin babu teku tsakanin Nijeriya da Barazil, sai bayan wajen shekara miliyan ɗari suka rabu. Kwarin Binuwai reshe ne na tsagar nan wanda bai ƙarasa buɗewa ba.

Muna shawartar malamai, in za su koya wa yara labarin ƙasa, su haɗa da tarihin mutumin nan. Ya yi kuskure wajen dalili, ya dace wajen hujja, an kuwa gaskata shi bayan shekara talatin da mutuwarsa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, ko da ba shi zai sha romonsa ba.