William Herschel: Makaɗin da ya gano hasken da ido ba ya gani

An haifi Herschel a Hanover a 1738, ya yi ƙaura zuwa Ingila yana neman abinci da kiɗa. A 1781 ya gano duniyar Uranus, ya raɗa mata sunan Sarki George na uku, sarkin kuwa ya yanka masa fam 200 a shekara. Ƙanwarsa Caroline, abokiyar aikinsa dare da rana, fam 50 kacal ta samu.

A 1800 ya rarraba hasken rana da gilashi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan launi, inda ba a ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Wannan ɓoyayyen haske ne masana ke gauraya wa da leza a yau domin ya fito fili a madubin duba ƙananan abubuwa. Ya rasu a 1822.