ALHAJI ABUBAKAR IMAM: EDITAN DA YA BUƊE WA TALAKA SHAFI

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da bai san Magana Jari Ce ba, ko don tsoron jarrabawa. Amma da yawa daga cikinmu a nan saninmu da marigayi Alhaji Abubakar Imam ya tsaya, alhali kuwa aikin da ya fi taɓa rayuwar jama'a a zamaninsa shi ne aikin jarida.

An haife shi a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatun allo a gida, daga bisani ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya kuma koyar a makarantar Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Littafinsa Ruwan Bagaja na cikin biyar ɗin da aka zaɓa aka buga, haka ma Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara. Ganin irin alƙalaminsa ya sa East ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne kuma editanta na Hausa na farko. Lokacin duniya na dab da faɗawa Yaƙin Duniya na Biyu, ga ji-ta-ji-ta ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila. Abin da Turawan mulki suke so shi ne takardar da za ta kashe irin waɗannan maganganu, ta isar da saƙon gwamnati. Da Imam ya tsaya nan, da ba mu tuna shi a matsayin ɗan jarida ba. Sai ya yi rubutu da Hausar da mai sayar da goro zai fahimta, da karin magana da barkwanci, ta yadda idan mutum ɗaya mai ilmin boko ya karanta a zaure, goma za su tashi da labari. Sannan ya ba wasiƙun masu karatu muhimmanci. Malamin makaranta ko akawu a wani lungu ya sami inda zai kai kukansa, mutanen wata lardin su karanta su ga ashe ciwon ɗaya ne.

Wannan ba ƙaramin kasada ba ne. Albashinsa daga gwamnati yake fitowa, sarakuna ba su saba a yi maganar mulkinsu a takarda ba, samari 'yan boko kuma na ganin yana lallaɓawa da yawa. A ganina, iya tafiya tsakanin waɗannan ukun na shekara goma sha biyu ba tare da an rufe shafin ba ya fi rubuta littafi wuya.

A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Bai sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya gabatar ba, abin da har yau masana ke muhawara a kansa. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, ya kuma bayyana masa illolin mulkin En'e, musamman yadda ake mayar da matasa masu ilmi saniyar ware. Da ya dawo bai ɓoye abin da ya gani ba, ya zuba shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ya bar kujerar edita a farkon shekarun 1950, ya shiga siyasa da majalisa, daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, Allah ya jiƙansa. Jaridar da ya raina kuwa ta ci gaba da fitowa fiye da shekara 70 daga kafuwarta.