Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Manzon Salama

Mu da ke zaune a Bodinga da Shagari mun san tarihin ƙasarmu. A Sifawa Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya zauna, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Bodinga. Shi aka danƙa wa yammacin daula, wadda hedkwatarta ta koma Gwandu. Daga baya Nupe da Ilori suka shiga ƙarƙashin Gwandu. A fadojin waɗannan sarakuna ne wani bawan Allah ya nuna yadda ikilisiya za ta zauna da maƙwabta.

An haifi Ajayi wajen 1809 a Osogun, ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara, cikinsu har da Musulmi, suka ci garinsu, suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun fataken bayi na Fotugal. A 1822 sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke shi a Saliyo. Can aka yi masa baftisma a 1825, ya kuma zama ɗalibi na farko a Kwalejin Fourah Bay a 1827. Ya hau kogin Kwara a 1841 tare da J. F. Schön, wanda ya yi aiki mai yawa a kan harshen Hausa. A 1864 aka keɓe shi Bishop a Canterbury, baƙar fata na farko a ikilisiyar Angalika.

Mutumin da aka raba da uwarsa da ƙarfin makami yana da dalilin riƙo, amma bai riƙe ba. Ya riƙa ziyartar Etsu Masaba a Bida da ladabi da kyautai, har aka ba mishan wurin zama a Kipo, kusa da Eggan. A 1872, a fadar Sarkin Ilori, malamai suka tambaye shi game da Yesu. Bai yi gardama ba, bai zagi addinin kowa ba, bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa ba. Ya sa aka karanta amsa daga Littafi Mai Tsarki, ya fara da saƙon Mala'ika Jibrilu ga Maryamu, wanda su ma suka sani. Aka rabu lafiya.

Amincin ya kai inda, a shekarun 1880, Etsu Maliki na Bida ya aika a roƙi Crowther ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila, a hana shigo da barasa da ke lalata jama'arsa. Sarki Musulmi ya nemi taimakon Bishop a kan abin da ya dame su duka.

Ya kuma ɗanɗana abin da muke kuka da shi yau. A 1867 wani basarake, Abokko, ya tsare shi da ɗansa Dandeson a bakin Kwara, yana neman kuɗin fansa. Sun kuɓuta, amma jami'in Ingila da ya zo cetonsu, William Fell, ya mutu da kibiya mai dafi. Crowther bai bar kogin ba saboda wannan.

Baƙin cikinsa na ƙarshe daga cikin gida ya fito. A 1890 waɗansu matasan mishan Turawa suka ƙasƙantar da aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa 'yan Afirka. Ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba, 1891. A 2014 Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya nemi gafara a fili.

Saboda haka, kada mu jira sai rikici ya tashi kafin mu san ƙofar hakimi da ta liman. Mu je gaisuwa tun ana lafiya, mu haɗa kai a kan abin da ke cutar kowa, mu kuma gyara tsakaninmu a cikin ikilisiya. Ubangiji ya ba mu salamarsa. Amin.